Hajiya ta koma daga wake sai acha: ina ake samun masanin abinci na gaskiya?

"Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ce, shekarunta 63. Wata takwas ke nan da aka gano tana da ciwon suga, dama can tana da hawan jini. Likita ya rubuta magani ya ce a kula da abinci, bai ƙara komai ba. Tun daga nan duk wanda ya zo dubiya sai ya hana ta wani abu. Yanzu daga wake sai acha sai tuwon alkama. Ta rame, zani ma ba ya zama a jikinta, wani lokacin da hantsi sai jiri ya ɗebe ta. An ce akwai masana abinci da aikinsu ke nan. A ina ake samunsu, kuma yaya zan gane na gaskiya? Wani a Facebook ya ce in tura kuɗi ya aiko mana da jadawali da garin magani. Muna Funtuwa."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiya.

Kina tambayar inda za ki samu wanda zai tsara wa Hajiya abinci, da yadda za ki bambance masani da mai neman kuɗi. Aikina ke nan a asibiti shekara da shekaru, kuma zan amsa duka biyun. Sai dai akwai wata magana da kika faɗa a wucewa wadda ta fi tsaya mini a rai, wato jirin nan na hantsi da ramar. Da ita zan fara, domin ba za ta jira ranar da za ki samu ganin irinmu ba.

Jirin hantsi

Akwai magungunan suga da ba ruwansu da ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, su dai su tura suga ƙasa. Allurar insulin tana cikinsu, haka ƙwayar da za ki ga an rubuta glibenclamide ko glimepiride a jikin kwalinta. Ta farkon mutane sun fi saninta da Daonil. Likita ya auna wa Hajiya magani ne lokacin da take cin tuwonta yadda ta saba. Yanzu 'yan dubiya sun zaftare mata abinci, magani kuwa yana nan yadda yake. In ta sha ƙwaya da safe ta karya da 'yar acha cokali biyar, kafin azahar suga zai iya faɗuwa: jiri, rawar jiki, gumi mai sanyi, faɗuwar gaba, wani lokaci har mutum ya riƙa magana ba kan gado. A na'urar awo, duk abin da ya yi ƙasa da 70 ya faɗi ke nan. In na'urarku mai ƙananan lambobi ce, 3.9 ne iyakar. Tsakanin ma'aunan biyu ana rabawa ne da 18.

Idan hakan ta faru tana cikin hayyacinta, a dama sukari cokalin shayi uku ko huɗu a ruwa a ba ta, bayan minti 15 a sake awo, sannan ta ci abinci. Na san yadda abin yake wa mutane nauyi, a ce da hannunka ka ba mai ciwon suga sukari. Amma sugan da ya faɗi shi ne mai gaggawa. In kuwa ta fita hayyacinta, kada a ɗura mata komai a baki, a wuce asibiti.

Jirin yana iya zama daga maganin hawan jini ma, domin wanda ya rame sau da yawa jininsa kan sauka, maganin da ya yi masa daidai a da sai ya yi masa yawa. Ita kuma ramar tana iya zama ta yunwa tsagwaronta, tana iya zama suga ne ya hau yana zubewa ta fitsari, tana kuma iya zama wani ciwon ne daban da bai bayyana ba. Ba a rarrabe waɗannan da ido. Ki mayar da ita wurin likitanta a cikin makon nan, ki faɗa masa abin da take ci daki-daki, da lokacin da jirin yake zuwa. A wannan zaman ne kuma za ki nemi abin da zan yi bayani a ƙasa.

Suna biyu, aiki biyu

Da Hausa duk "masanin abinci" muke cewa, shi ya sa ake ruɗewa. A asibiti kuwa akwai dayatishiyan, akwai nutirishonis. Dayatishiyan shi ne wanda ya karanta ilimin abinci da tsara shi ga marar lafiya a jami'a ko kwalejin kimiyya, sannan ya yi shekara guda ta horo a babban asibiti, yana zaga ɗakunan kwanciya tare da likitoci: masu ciwon ƙoda, masu suga, yara masu tamowa, waɗanda wuta ta ƙona, waɗanda ake ba abinci ta robar hanci. A nan yake koyon karanta fayil, ya san abin da sakamakon gwajin jini yake nufi, ya san wane magani ne ba ya shiri da wane abinci. Za ki ga da yawansu suna sa RD ko RDN, wato dayatishiyan mai rajista, a bayan sunansu. Ƙungiyarsu ta ƙasa a taƙaice DAN ake ce mata, kuma kada ki ruɗe, ƙungiyar masu ciwon suga ta Najeriya ma haka taƙaitaccen sunanta yake.

Nutirishonis fagensa ya fi faɗi: abincin al'umma, masu juna biyu, shayarwa, yaye, yaƙi da tamowa a ƙauyuka. Akwai manyan malamai a cikinsu, har da farfesoshi, kuma ƙungiyarsu, NSN, tun 1963 take. Matsalar ita ce sunan ya zama rigar aro. Wanda ya yi kwas na mako biyu ta intanet, da wanda kamfanin sayar da ƙwayoyin ƙarin kuzari ya yi wa bita ta yini ɗaya a otel, duk sukan kira kansu da shi.

Da a ce tambayarki kan yaye ce ko abincin mai ciki lafiyayya, da na ce ki je wurin jami'in abinci na asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, zai wadatar da ke. Hajiya kuwa ciwo biyu gare ta, tana shan magani, ga shekaru, ga rama. Dayatishiyan take buƙata, wanda zai buɗe fayil ɗinta.

Inda suke

Gaskiya ba mu da yawa, kuma mafi yawanmu a manyan asibitoci muke. Ku a Funtuwa kun yi sa'a ta wannan fannin, domin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyarku ta Zariya, in kun wuce Giwa, tun kafin ku kai Samaru, kuma yana da sashen wannan aiki. Asibitin Malam Aminu Kano ma yana da shi, haka asibitocin koyarwa na Sakkwato da Maiduguri ga waɗanda suke can. Manyan asibitocin jiha kuwa wani yana da dayatishiyan, wani babu, don haka kafin ki ɗauki tsohuwa ki hau mota, fara tambaya a inda take ganin likita. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da yake hana mutane isowa wurinmu ba nisa ba ne kawai. Likitan da ya ga mutum hamsin kafin azahar ba shi da minti arba'in ɗin da zai zauna ya tambayi me Hajiya take ci, sai ya ce "a kula da abinci" ya kira na gaba. Ba mugunta ba ce, layi ne. Kuma sau da yawa ba zai tuna ya tura ku ba sai kun nema. Saboda haka ki buɗe baki ki ce, "Likita, muna so a rubuta mana takarda zuwa wurin dayatishiyan." Ki roƙe shi ya sa sunan ciwon, da magungunan da take sha, da sakamakon gwaji na baya-bayan nan. Da wannan takarda za ki buɗe kati a can. A allon ofishin za ki ga an rubuta "Nutrition and Dietetics". In kin rasa shi, tambayi nas-nas ɗin da ke asibitin masu suga, sun fi kowa sanin ranar da muke zama. A wasu asibitocin ofishinmu yana can lungu kusa da kicin, har akwai waɗanda suke ɗaukarmu masu dafa abincin majinyata ne. Na taɓa zama da wani alhaji rabin awa, da zai tashi ya ce a gaishe masa da likitan abincin in ya zo.

Kuɗin ganinmu a asibitin gwamnati ba wani abu ba ne idan aka kwatanta da na gwaje-gwaje da na mota. In Hajiya tana cikin inshorar lafiya, ki tambayi ofishinsu na asibitin ko ya shiga ciki. Zuwan farko dole sai da ita, domin za a auna nauyi da tsawo da ƙugu, a duba ƙafafu ko akwai kumburi, a ga yanayin haƙora, tunda wadda ba ta iya tauna ba za a ce mata ta riƙa cin ɗanyen kabeji ba. Bayan nan da yawanmu mukan yarda a ci gaba ta waya tsakanin zuwa da zuwa. Ki tambaya tun a zaman farko.

Yadda zama da masani yake

Babbar alamar da nake ba mutane ita ce: na gaskiya tambayarsa ta fi dokarsa yawa. Zai so ya ji wa yake girki, mutum nawa ake dafa wa, ƙarfe nawa ake karyawa, me ake nomawa a gidan, me ake saya, nawa ake iya kashewa. In kin shiga aka miƙo miki takarda bugaggiya mai layi biyu, "ci" da "kar ka ci", ba tare da an tambaye ki komai ba, ba ki samu abin da kika zo nema ba, ko da kuwa a babban asibiti ne. Ki zauna ki yi tambaya har sai an yi magana kan tukunyarku.

Wata dattijuwa ta taɓa zuwa wurina da jikarta, sugan ya ƙi sauka duk da ta bar shinkafa da tuwon dawa wata shida. Na ce, "Hajiya, da dare me ake ci?" Ta ce tuwon alkama. Na ce malmala nawa? Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce, "Yo 'yar nan, alkama ce fa, ai ba ta da suga. Ci nake in ƙoshi." Jikar ta nuna mini girman malmalar da hannu biyu, uku take tashi da su. Da safe kuma koko kofi babba, ba sukari, amma da zuma, domin an ce mata zuma magani ce. Ban yi mata gardama ba. Na ce su auna suga kafin tuwon dare, su sake aunawa bayan awa biyu, kwana uku a jere, sannan su yi haka da tuwon dawa malmala ɗaya matsakaiciya da miyar kuɓewa mai yawa da kifi da kwaɗon zogale a gefe. Da suka dawo ita da kanta ta miƙo mini takardar tana dariya, ta ce ashe da rabon za ta sake cin tuwon dawa a duniya.

Dalilin ba boyayye ba ne. Alkama, acha, dawa, gero, masara, shinkafa, duk hatsi ne, kuma sitacin da ke cikinsu suga yake komawa a jiki. Akwai bambanci a tsakaninsu, ba na musu: wanda aka bar masa dusarsa ya fi wanda aka surfe tas, mai ɓarzo ya fi mai laushi, tuwo da miyar ganye ya fi kunu ko kokon da aka tace, domin abu mai ruwa da laushi da sauri yake shiga jini. Amma yawan abin da aka zuba a kwano ya fi sunan hatsin tasiri. Acha abinci ce mai kyau, sai dai ba magani ba ce, kuma ana sayenta da tsada ana barin dawar da ke rumbu. Zuma, dabino, mazarƙwaila da rake kuwa duk zaƙi ne, jini bai san wannan na gargajiya ba ne. Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda ake tara wa tsoho dokoki har abinci ya fita ransa, ya koma cin abu uku kamar mai horo, ƙarfinsa ya tafi, sannan a ce ciwon ne ya cinye shi.

Ta ɓangaren hawan jini, zama da masani yakan koma lissafin tukunyar miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda yake ɓoye cikin abinci. Iyalai da yawa sukan ce mini sun daina sa wa Hajiya gishiri, in na tambayi dunƙule nawa ake jefawa a miya sai a ce shida ko takwas. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Ga yajin da ake barbaɗawa, shi ma da gishiri da magi aka daka shi. Ga kanwa a miyar kuka, a wake, a ɗanwake. Mutane ba sa lissafa kanwa da gishiri, alhali sinadarin sodiyam da yake tayar da jini shi ne ya cika ta. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa da kunun kanwa da zafin wankan jego. Masanin da ya san girkinmu zai nuna miki yadda daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da busasshen kifi za su riƙe ɗanɗanon miya in an rage dunƙule a hankali. Wanda bai taɓa jin sunan kanwar ungurnu ba kuwa, ko da takardunsa sun cika, sai kin yi masa bayani, kuma ki yi, kada ki ji nauyi.

Mutumin Facebook

Kada ki tura. Ba don yana intanet ba, akwai dayatishiyan na ƙwarai da suke ganin mutane ta WhatsApp, kuma ga wanda yake nesa hakan ya fi babu. Abin da ya sa na ce kada ki tura shi ne ya yi miki alkawarin jadawali tun bai tambayi sakamakon gwajin ƙodarta ba.

Suga da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma ƙoda takan daɗe tana lalacewa ba a sani ba. Ga mai suga da ƙodarsa take lafiya, wake da zogale da alayyahu da ayaba abinci ne da muke ƙarfafawa gwargwado. Ga wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, waɗannan ɗin dai sai an auna su, saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsu yana iya taruwa a jini ya taɓa bugun zuciya. Haka gishirin nan da ake tallatawa wai na masu hawan jini: fotasiyam ne aka sa a madadin wani ɓangare na sodiyam, kuma ga mai raunin ƙoda ko mai shan maganin hawan jini irin lisinopril ko losartan yana iya zama haɗari. Kin ga ke nan jadawali ɗaya yana iya zama daidai ga maƙwabciyarku, ya cutar da Hajiya. Yanzu haka da take kwana tana tashi a kan wake, ni abin da zan fara nema shi ne gwajin kiriyatinin, mai nuna aikin ƙoda, da na fotasiyam da na fitsari.

Garin maganin kuwa ba ki san me aka daka a ciki ba. In yana sauke suga da gaske, to ya haɗu da ƙwayar asibiti su kayar da ita. In ba ya yi, an ci kuɗinki. Za a nuna miki lambar NAFDAC a jiki, amma ki karanta ƙananan rubutun: a irin waɗannan kayan za ki tarar an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Duk wanda za ki yi hulɗa da shi daga nesa, ki tambaye shi a wace makaranta ya yi karatu, a wane asibiti ya yi shekarar horo, yanzu kuma a ina yake aiki. Mai gaskiya zai amsa cikin minti ɗaya ba tare da ya ji haushi ba, kuma asibitin da ya ambata ana iya tambaya a can. In ya ce zai warkar da suga kwata-kwata cikin wata ɗaya, ko ya ce a ajiye maganin asibiti, ko kuma kowace shawara tasa tana ƙarewa ne da wani abu da shi kaɗai yake sayarwa, ki rufe wayarki. Dayatishiyan ba ya canza magani. In ya ga alamar ƙwaya ta yi yawa, takarda zai rubuta wa likita.

Abin da za ki tafi da shi

Rabin amfanin zaman yana hannunki. Ki samu littafi ki rubuta duk abin da ya shiga bakin Hajiya kwana uku, da lokacinsa da yawansa: shayin safe da abin da aka zuba a ciki, goron da take ci, furar da aka aiko daga maƙwabta, ƙosai biyu da ta karɓa a hannun jika. Ki sa ranar Juma'a ko ranar wani biki a ciki, domin cin ranar daban yake. Kada ki gyara don a yabe ku. Mun saba jin "ba ta cin komai", sai a zama na uku a gano lemon kwalba da ake ba ta in ta ji kasala, wanda sau da yawa kasalar ma faɗuwar suga ce.

In kuna da na'ura a gida, ki rubuta awon safe kafin karyawa da na awa biyu bayan abinci. Ga yawancin manya ana son na safe ya zauna tsakanin 80 da 130, na bayan abinci kuma ƙasa da 180, amma ga tsofaffi likita yakan sassauta, don haka nata ma'aunin shi zai faɗa. In an taɓa yi mata gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ki ɗauko takardar. Magunguna kuma ki kwaso su da kwalayensu, har da na gargajiya da na Islamik kemis, ba za a yi miki faɗa ba. "Wata 'yar fara ƙarama" ba ta gaya mana komai.

Sannan mutum biyu nake so su shigo tare da mai ciwo: wadda take girki da wanda yake cefane. Na sha yin bayani mai kyau ga ɗa namiji da ya zo daga Abuja ya kawo mahaifiyarsa, ya rubuta komai a waya, washegari ya koma, matar ƙaninsa da take riƙe da muciya ba ta ji ko kalma ɗaya ba. A gidan da ake tuƙa tukunya ɗaya don mutum goma sha biyar, tsarin da ya ce a riƙa yi wa Hajiya girki daban ba ya wuce mako biyu, kuma yana sa ta ji kamar an ware ta. Wanda yake ɗorewa shi ne a rage dunƙule da mai a tukunyar kowa, a yawaita ganye, ita kuma a san girman malmalarta.

Zama ɗaya ba ya isa. Na farko na fahimtar juna ne, a na biyu ake ganin abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba. Kuma in tana da niyyar azumin Ramadan, a tayar da maganar wurin likita da dayatishiyan tun da saura mako shida zuwa takwas, kada a bari sai an ga wata.

Iyakata

Ban ga Hajiya ba, ban ga fayil ɗinta ba, don haka ba zan ce miki malmala kaza ko ludayi kaza ba. In na yi haka na zama ɗaya daga cikin 'yan dubiyar. Abin da zan iya cewa ba tare da fargaba ba kafin ku samu ganin masani shi ne ta riƙa cin abinci sau uku a kan lokaci, kada ta tsallake ko ɗaya matuƙar tana shan magani. A bar lemon kwalba da zoɓo da kunun zaƙi da shayi mai sukari ko zuma, sai in suga ne ya faɗi. A dawo mata da tuwon da ta saba, matsakaici, da miya wadatacciya, a sa mata kifi ko ƙwai ko nama kaɗan. Wake ya zama ɗaya daga cikin abinci, ya daina zama shi kaɗai. Duk wanda ya zo dubiya da sabuwar doka, a yi masa godiya a ce za a tambayi asibiti.

In kuma kin bincika hanyar Shika ba za ta yiwu ba a yanzu, ki nemi nas ɗin da take kula da masu suga a asibitinku ta zauna da ku, ki kuma roƙi likita ya haɗa ku da wani dayatishiyan ta waya, galibi sun san juna. Bai kai zuwa da kai ba, amma ya fi jadawalin wanda bai san sunan maganinta ba.

Ranar da za ku tafi ku fita da sassafe, layin kati yana cin lokaci. Ta karya ta sha maganinta kamar kullum, sai dai in an ce a zo ba a ci komai ba saboda gwaji, to a nan ki tambayi likita yadda za a yi da ƙwayar safe, ki kuma riƙe mata abin karyawa. Ki jefa ƙwayar sukari huɗu a jaka saboda hanya. Ki sa marar da ake kwashe mata tuwo da kofin da take shan koko a leda ku taho da su, da su za a yi awon.